Shin madatsun ruwan jihar Katsina za su iya ba mu wutar lantarki?

Ɗalibin Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da tambayoyi biyu da suke haɗe da juna, kuma ina roƙon waɗanda Allah ya ba sani su taimaka. Kullum muna jin ana cewa wani kaso na wutar da muke sha yana fitowa ne daga Kainji da Jebba da Shiroro, to ta wace hanya ce ruwa mai gudu yake zama wutar lantarki? Sannan idan har tare ruwa shi ne sirrin abin, mu a jihar Katsina muna da madatsar Zobe a Dutsinma, da ta Jibiya, da ta Ajiwa, da ta Sabke a ƙasar Daura, da ta Mairuwa a Funtuwa. Me ya hana a sa musu injina mu huta da jiran wutar da ke tasowa daga nesa?

Malamar Kimiyya, Daura

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Bari a fara gyara tushen tambayar, domin ruwa ba ya zama wutar lantarki, kuma babu wata wuta da ke ɓoye a cikinsa da ake tatsowa. Aikin ruwa guda ɗaya ne tak, shi ne ya juya ƙarfe.

Ka dubi janareton fetur da ke gidajenmu da shagunanmu. Kashi biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Akwai injin da ke ƙona fetur, wanda ba shi da wani aiki sai juya sandar ƙarfe, sannan akwai kan janareton, inda maganaɗisu yake juyawa a tsakiyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe. A wannan kashi na biyu ne wutar take samuwa, saboda duk lokacin da maganaɗisu ya gifta kusa da naɗaɗɗiyar waya, wutar lantarki tana motsawa a cikin wayar. Michael Faraday ne ya tabbatar da haka a Ingila a shekarar 1831, kuma har yau kusan dukkan manyan tashoshin wuta na duniya a kan wannan doka suke tafiya, in ban da na hasken rana. Abin da aka yi a Kainji da Shiroro shi ne an cire injin fetur, an maye gurbinsa da farfelar ruwa. Ruwa yana saukowa daga sama da nauyinsa, ya tura fukafukan farfela, farfela ta juya sanda, sanda ta juya maganaɗisu. Ruwan da wayar ba sa ma haɗuwa.

Mai Naɗin Koyil, Katsina

Malama ta faɗi daidai, kuma mu da muke buɗe cikin janareto kullum shaida ne. Abin da zan ƙara shi ne, a manyan injina ba irin maganaɗisun da yara suke wasa da shi ake sawa ba. Ɓangaren da ke juyawa shi ma koyil ne, wato waya da aka naɗa a kan ƙarfe, ana ba shi 'yar wuta kaɗan sai ya zama maganaɗisu mai ƙarfi, kuma da yawan wannan 'yar wutar ake daidaita ƙarfin wutar da injin yake fitarwa. Babban koyil ɗin da ake ɗibar wuta daga gare shi yana tsaye ne a jikin bango, ba ya motsi, kuma an kasa shi kashi uku. Wannan ne asalin layi uku da kuke gani a kan turakun wuta.

Tsohon Ma'aikacin Tashar Ruwa

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, tunda na ci abinci da wannan aiki kafin in aje, bari in bi da kai hanyar da ruwan yake bi tun daga tafki har ya fita.

A jikin madatsar, can ƙasa da saman ruwa, akwai bakin shiga wanda aka tare da ragar ƙarfe domin kada itace da ciyawa su wuce. Daga nan ruwan yana shiga wani ƙaton bututu da ya gangara zuwa ɗakin injina. Duk nisan da ya yi ƙasa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa, saboda nauyin ruwan da ke samansa yana danne shi. Idan ya iso ƙasa ba a sake shi haka nan ya faɗa kan farfela ba. Bututun yana naɗewa ya zagaye farfelar yana ƙara tsukewa, domin ruwa ya shige ta ta kowane gefe da ƙarfi iri ɗaya, in ba haka ba sandar za ta riƙa karkata tana cin mazauninta. Tsakanin wannan zagayen da farfelar akwai jerin ƙananan ƙofofin ƙarfe da suke buɗewa da rufewa tare, su ne suke ƙayyade yawan ruwan da zai shiga da kuma kusurwar da zai bugi fukafukan. Bayan ruwan ya gama aikinsa sai ya faɗa wani bututu mai faɗaɗa a ƙasan farfelar, ya fita ya koma kogi.

Waɗannan ƙananan ƙofofi su ne zuciyar aikin, kuma ga dalili. Wutar Najeriya tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma dole kowane injin da ke kan babban layin ƙasa ya tafi daidai da wannan bugu, ba gaba ba baya. Saurin juyawar injin ya dogara ne da yawan kawunan maganaɗisun da ke jikinsa. Ƙaramin janareto mai kawuna biyu sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da bugu 50, shi ya sa yake da ƙara. Injin ruwa mai kawuna 40 kuwa sau 150 kacal yake juyawa a minti, ya ba da bugun nan dai. To idan magariba ta yi mutane suka kunna kaya a ko'ina, nauyi yana hawa kan injin ya nemi ya rage gudu, nan take na'urar da muke kira gwamna za ta ji, ta ƙara buɗe ƙofofin ruwa ya ƙaru. Idan nauyi ya sauka ta rage. Abin da ya fi haɗari shi ne layi ya yanke farat ɗaya, domin injin zai sami kansa babu kaya ya nemi ya zarce da gudu, kuma ba za a iya rufe ruwan a daƙiƙa ɗaya ba, saboda ruwa mai nauyin dubban tan da ke gudu a bututu idan aka tsayar da shi kwatsam zai iya fasa bututun. Dole a rufe da sauri amma a hankali, kuma a wannan tsakani ne gwanintar masu ƙera injin take.

Wutar da ta fito daga janareto ana shigar da ita taransifoma a ɗaga ta zuwa bolt 330,000 domin ta yi tafiya mai nisa ba tare da ta zube a hanya ba. Tamu ta nan tana biyowa ta Kaduna zuwa Kano, a sauke ta zuwa 132,000 ta taho Katsina da Daura, sannan a yi ta saukewa har ta kai abin da ke shiga gida.

Manomin Rani, Dutsinma

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni tambayata ta manomi ce, kuma ba ni kaɗai nake da ita ba. A wurinmu akwai masu cewa ruwan da aka riga aka cire wa wuta ya zama lami, ba shi da sauran albarka ga shuka, har ma wasu suna cewa kifi ba ya ƙiba a cikinsa. Idan gobe aka ce za a sa inji a Zobe, wannan magana ce za ta fara fitowa daga bakin mutanenmu. Mene ne gaskiyarta?

Malamar Kimiyya, Daura

Alhaji, wannan magana ba ta da tushe, kuma yana da kyau a faɗa wa mutane haka ƙarara. Ruwan da ya fita daga ƙarƙashin farfela shi ne dai wanda ya shiga, babu abin da aka rage a jikinsa kuma babu abin da aka zuba masa. Abin da ya rasa shi ne tudun da yake kai, wato da yana sama, yanzu yana ƙasa. Hujja mafi sauƙi tana kan kogin Neja: ruwan da ya juya injinan Kainji shi ne yake gangarawa ya taru a Jebba ya sake juya wasu injinan, daga nan ya wuce mutane su sha, su yi noma, su kama kifi har zuwa teku.

Sai dai ba zan ce manoma ba su ga komai ba. Madatsa tana canza kogi, ko da inji ko babu. Laka mai taki da ambaliya take shimfiɗawa a fadama tana kwantawa a ƙasan tafki maimakon ta isa gona, don haka wanda ya gaji fadama a ƙasan madatsa yana iya ganin ƙasarsa ta rage ƙarfi. Kifin da ya saba hawa kogi ya yi ƙwai yana samun hanya a toshe. Kuma lokacin zuwan ruwa ya koma hannun masu buɗe ƙofa. Waɗannan duka gaskiya ne, amma laifin bangon da ya tare kogin ne, ba na wutar ba.

Ɗalibin Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai, Baba da Malama. Na fahimci ta farko. To tunda ruwan ba ya lalacewa, ashe ke nan tambayata ta biyu ta ƙara ƙarfi. Zobe tafki ne babba, wanda ya tsaya a bakinsa da ƙyar yake hango ɗaya gefen. Me ya sa ba zai iya ba birnin Katsina wuta ba?

Malamar Kimiyya, Daura

Ƙanena, faɗin tafki yana ruɗin ido. Abu biyu ne suke ƙayyade wutar da za a samu: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsawon faɗowar da yake yi daga saman tafki zuwa inda ya fita. Ana ninka su ne da juna, don haka idan ɗaya ya yi ƙaranci sai ɗayan ya yi yawa sosai kafin a sami abin kirki. Ƙa'idar ita ce, kubik mita ɗaya na ruwa, wato lita 1,000, idan yana faɗowa mita ɗaya a kowace daƙiƙa, yana ɗauke da ƙarfin kilowat 9.8. Bayan an cire asarar bututu da farfela da janareto, abin da ke zuwa hannu kamar kilowat 8 ne ko sama da haka kaɗan.

Yanzu mu ɗora Zobe a kan wannan ma'auni. An kammala ta a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, tsayin bangonta kamar mita 19 ne, kuma an gina ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 179. Ruwa ba ya kaiwa ƙarshen bango, kuma yana sauka yayin da ake ɗiba, saboda haka mu yi mata adalci mu ce faɗowar mita 15 ce. Mu kuma ɗauka, don lissafi kawai, cewa tafkin ya cika maƙil, rana ba ta sha ko ɗigo ba, ba a ba birni ruwan sha ba, an tura dukkan ruwan ta cikin farfela a shekara guda. Abin da zai fito bai wuce yunit miliyan 6 da 'yan kai ba. Idan aka raba shi a kan awowin shekara, matsakaicinsa kamar kilowat 700 ne, bai ma cika megawat ɗaya ba, wato kilowat 1,000. Idan kana son ka ji nauyin abin a jikinka, yunit ɗaya da mitar gidanku take cinyewa yana bukatar ruwa kusan duro 145 ya faɗo daga wannan tsayi.

Ka kwatanta da Shiroro, wadda aka buɗe a 1990 a kan kogin Kaduna, mai injina huɗu kowanne megawat 150. Bangonta ya haura mita 100 saboda an gina ta a ƙwazazzabon duwatsu. Idan muka ɗauki faɗowar mita 100, inji ɗaya yana haɗiye kamar kubik mita 170 a kowace daƙiƙa. Da wannan sha, dukkan ruwan Zobe zai ƙare cikin kwana 12, kuma saboda gajartar faɗowarta ba zai ba da ko kashi ɗaya cikin shida na wutar da Shiroro take samu daga ruwa mai yawan haka ba. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan samanmu na wata huɗu ne, kogunanmu kuma suna ƙafewa su bar yashi. Ba rashin kishi ne ya hana Zobe zama Shiroro ba.

Mazaunin Jibiya

Malama, Allah ya saka da alheri. Amma ina da ja a kan wani wuri. Kin yi magana a kan ruwan da ke faɗowa daga sama, alhali ɗalibin ya ce ruwa mai gudu. Duk wanda ya ga kogin Gada a watan Agusta ya san ƙarfin da ke cikinsa, yana tumɓuke itace yana cin gaɓa. Me zai hana a kafa farfela a tsakiyar kogin kai tsaye, ba tare da an kashe kuɗi an gina bango ba?

Malamar Kimiyya, Daura

Malam, ana yin irin wannan injin, kuma tambayarka tana kan hanya. Matsalar ita ce gudun kogi, duk da ban tsoronsa, ƙarfinsa kaɗan ne idan aka auna shi da faɗowa. Ruwan da ke gudun mita biyu a daƙiƙa, wanda mutum ba zai iya tsayawa a cikinsa ba, ƙarfin da ke jikinsa daidai yake da na ruwan da ya faɗo santimita 20 kacal. Idan ka sa farfela mai faɗin murabba'in mita ɗaya a irin wannan gudu, ƙarfin da ke ratsa ta kilowat 4 ne, kuma ba za ta iya kama fiye da wajen kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, tunda dole ruwan ya ci gaba da tafiya bayan ya wuce ta. Wannan zai haska 'yan gidaje, kuma a koguna masu gudu duk shekara yana da amfani. A Gada kuwa, makonnin da kogin yake da wannan gudu su ne makonnin da yake ɗauke da yashi da kututture, sauran watanni kuma injin yana zaune a kan rairayi. Amfanin bango shi ne ya tara gangaren da kogi yake yi a tsawon kilomitoci masu yawa ya mayar da shi faɗowa guda a wuri ɗaya, ya kuma ajiye ruwan damina don rani.

Mai Naɗin Koyil, Katsina

Ni a nan ne zan rabu da Malama kaɗan, ba a lissafi ba, a hukuncin da mai karatu zai iya ɗauka daga lissafin. Kada a ji an ce kilowat 700 a raina shi. Wanda yake sayen man dizal don injin niƙa ko injin walda ya san abin da kilowat 20 yake ci a wata. Ko rabin abin da aka lissafa aka samu, zai iya ɗaukar wani kaso na famfunan tura ruwa, ko ya riƙe masu casar shinkafa da masu ajiyar kifi a sanyi da ke kusa da madatsar. Bangon an riga an gina shi, wanda shi ne ya fi cin kuɗi a kowace tashar ruwa. Maƙwabtanmu na Kano sun sa injina na megawat 10 a madatsar Tiga, a Gombe kuma Daɗin Kowa tana da megawat 40. Ban ce Zobe ta kai su ba, amma tsakanin a haska birni gaba ɗaya da a bar ruwa yana fita a banza akwai matsakaicin wuri.

Manomin Rani, Dutsinma

Malam, maganarka tana da daɗin ji, amma ka tsaya ka ji tsoronmu. Mai wuta yana son ruwa ya fita dare da rana, damina da rani. Mu kuma muna son a riƙe shi har lokacin da alkama da tumatir da albasa suke bukata, daga sanyin hunturu zuwa zafin bazara. Mutanen birni su ma suna jiran na sha daga wannan tafki. Ranar da aka sa inji aka ɗaura masa alkawarin kuɗi, wa zai hana a saki ruwa a watan Oktoba don a cika alkawarin, mu kuma mu zo watan Maris mu tarar da tafki ya ja baya? Idan har za a zaɓa, ni na fi son ruwa a gona a kan fitila a ɗaki, domin fitila tana da wasu hanyoyi, shuka kuwa ba ta da su.

Tsohon Ma'aikacin Tashar Ruwa

Alhaji, tsoronka yana kan gaskiya, kuma a ganina shi ne ya kamata ya zama sharaɗin farko. A madatsa irin tamu, ruwan sha ne gaba, noma na biye, wuta ta zo ta uku. Hanyar da ta dace ita ce a ɗaura ƙaramin inji a kan bututun da ake sakin ruwan noma ta cikinsa, ta yadda ba za a saki ko guga ɗaya saboda wuta ba, sai dai ruwan da manomi ya riga ya nema ya biya ta cikin farfela a kan hanyarsa ta zuwa gona. Wutar za ta zo ne lokacin da ake ban ruwa, ta tsaya idan an rufe. Wannan yana rage ribar injin, kuma wajibi ne a gaya wa duk mai zuba kuɗinsa haka tun farko a rubuce. Akwai kuma sharaɗi na biyu da ba a cika lura da shi ba. Idan magudanar noman tana ɗibar ruwa ne daga sama domin ya gangara gonaki da kansa, to faɗowar da ta rage wa farfela kaɗan ce, tunda tudun da injin zai ci shi ne tudun da ke kai ruwan gona. Ba a cin tudu ɗaya sau biyu.

Game da irin injin, kowace faɗowa da nata. Inda ruwa kaɗan ne amma yana faɗowa daga dutse mai ɗaruruwan mita, ana amfani da samfurin Pelton, wanda Lester Pelton ya ƙera a Amurka wajen 1880: ana tsuke ruwan ya fito da tsananin gudu ya riƙa dukan wasu kofuna da ke kewaye da ƙafar injin. Inda faɗowar take matsakaiciya zuwa mai tsawo, samfurin Francis ne, na James Francis tun 1849, ruwa yana shiga ta gefe ya fita ta ƙasa, kuma irinsa ne a Shiroro. Inda ruwa yake da yawa amma faɗowar gajera ce, sai samfurin Kaplan, na Viktor Kaplan ɗan ƙasar Ostiriya wajen 1913, wanda fukafukansa suke karkata su daidaita da yawan ruwan da ke zuwa. Irin wannan dangin ne a Kainji da Jebba, kuma ƙaraminsa ne zai dace da wuri kamar Zobe, inda tsayin ruwa yake sauka wata bayan wata. Babban inji mai kyau yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ruwa zuwa wuta, abin da babu injin mai ko na gas da ya kusance shi.

Ina so kuma ɗana ɗalibi ya san cewa manyan ma ba su tsira daga hukuncin ruwa ba. Kainji, wadda aka gama a 1968, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760, tana da wata baiwa da kogunanmu ba su da ita, wato ambaliya biyu a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar yankinmu, mai zuwa da laka wajen Agusta zuwa Oktoba. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ya sauka tun a tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana sauke lakarsa, ya iso Najeriya a tsakiyar rani. Wannan na biyun ne yake riƙe tashar lokacin da ko'ina ya bushe. Duk da haka, a ƙarshen rani tafki yana sauka, wuta ta ragu. Kuma an biya farashi kafin a same ta, domin tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa, kuma an tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwansu, har da na ƙasar Yawuri.

Malamar Kimiyya, Daura

Baba ya kawo abin da ya daidaita ni da Malam mai koyil. Ban ƙi ƙaramin inji a bakin bututun noma ba, abin da na ƙi shi ne a yi wa mutane alkawarin da ruwan ba zai iya cikawa ba. Arzikin da Allah ya ba wannan yanki a fili yake, rana ce, sai kuma iska, wadda saboda ita aka kafa injinan megawat 10 a Lambar Rimi. Filin sola na hekta biyu zuwa uku zai iya ba da megawat ɗaya da tsakar rana, kuma ba ya taɓa ruwan kowa.

Tsohon Ma'aikacin Tashar Ruwa

Haka ne 'yata, amma kada ki manta cewa sola tana kwanciya da magariba, daidai lokacin da kowa yake kunna kaya. Darajar injin ruwa ba a yawan wutarsa kaɗai take ba. Ana iya tayar da shi daga tsaye ya ɗauki kaya cikin 'yan mintoci, kuma idan babban layin ƙasa ya faɗi gaba ɗaya, tashoshin ruwa suna cikin waɗanda ake fara tayarwa domin su ba sauran wutar tashi. Saboda haka ni ina ganin su biyun abokan juna ne: da rana a bar sola ta yi aiki a riƙe ruwa, da dare a sake shi. Idan akwai ƙaramin tafki a ƙasan madatsa da zai tara abin da aka saki da dare, manomi zai ɗebi ruwansa da safe kamar yadda ya saba. Shiroro da Zungeru mai megawat 700 za su iya yi wa Arewa irin wannan aiki a babban mataki idan filayen sola suka yawaita.

Ɗalibin Ƙofar Ƙaura

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Saura abu ɗaya. Idan wani ya so ya san ko Sabke ko Jibiya za su ɗauki irin wannan ƙaramin inji, daga ina zai fara?

Tsohon Ma'aikacin Tashar Ruwa

Zai fara da awo, ɗana, ba da sayen inji ba. Yana bukatar tarihin tsayin ruwan tafkin wata-wata na shekaru masu yawa, har da shekarun fari, da kuma yawan ruwan da ake saki a kowane wata da awowin da ake sakinsa. Madatsun da gwamnatin tarayya ta gina a yankinmu, irin su Zobe da Jibiya, suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka can ne wurin fara neman waɗannan alƙaluma. Bayan haka sai a auna zurfin tafkin a yau, saboda yashin da ya kwanta cikin shekaru ya rage abin da yake riƙewa, kuma adadin da ke rubuce a takardar gini ba shi ne na yanzu ba. Sai a duba faɗin bututun da ke akwai da lafiyarsa, domin bututu mai ƙunci yana cinye wani kaso na faɗowar kafin ruwa ya isa farfela. Sai a ɗebi ruwan a damina a ga yawan yashin da ke cikinsa, tunda yashi yana goge fukafukai, kuma shi zai nuna irin ƙarfen da za a ƙera su da shi da yawan lokacin da za a riƙa sauke injin don gyara. Daga ƙarshe a auna nisan wurin daga masu bukatar wutar, domin idan za a ja layi na kilomita 30 saboda kilowat 200, kuɗin turaku da waya zai iya fin kuɗin injin kansa.